Abin da filin ƙwallo ya koya mana game da hutu



Mu biyar ne ke kula da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasan unguwarmu a nan Agege. Babu mai takardar koyar da wasa a cikinmu. Ɗaya tela ne, ɗaya tsohon direban tirela, biyu 'yan kasuwa, ɗaya kuma malamin firamare. Abin da ya haɗa mu shi ne duk mun buga ƙwallo a ƙuruciya, kuma ba ma son ganin yaranmu suna zaman banza a bakin titin jirgi. Mun rubuto wannan ne domin mun tafka wani kuskure da ya jawo wa ɗan mutane asara, kuma mun san akwai 'yan uwa a Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Ibadan da sauran wurare da ke riƙe da irin wannan ƙungiya. Gara su ji daga bakinmu tun kafin abin ya same su.

Shekara biyu ke nan da aka shirya wata gasa ta unguwa-unguwa, wadda za a fara a farkon watan Agusta. Aka kuma ce mana wasu masu neman yara daga wata makarantar horar da 'yan ƙwallo za su zo kallo. Wannan labari ya shiga kanmu. Muka zauna muka ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun tsakiyar watan Yuni muka tsara atisaye sau biyu a rana, kwana bakwai a mako. Da an idar da sallar asuba a fito fili har ƙarfe bakwai, bayan la'asar kuma a dawo har kiran magariba. Wanda ya yi fashi sau biyu ba zai shiga jerin 'yan wasa ba. A lokacin gani muke mun yi abin kirki. Har alfahari muke yi a majalisa cewa babu ƙungiyar da ta kai tamu aiki.

A cikin yaran akwai wani ɗan shekara 16 da za mu kira Bahago a nan, saboda da ƙafar hagu yake wasa. Yana aiki a ƙarƙashin wani mahauci a kwata. Daga filin safe yake wucewa can, ya yi ta ɗaukar nama a kafaɗa zuwa mota har wajen ƙarfe uku. Allah Ya ba yaron nan ƙafa. Muka ce shi zai riƙa yi mana bugun tazara, muka ɗora shi a kan koyon murɗa ƙwallo ta haye katangar 'yan wasa ta sauka a kusurwar raga. Kullum da yamma, bayan an sallami sauran, sai mu tsayar masa da benci biyu a matsayin katanga, ya buga sau 80. Telan cikinmu ke riƙe da littafi yana rubuta waɗanda suka shiga inda ake so.

Makon farko ya riƙa samun 14, 15, wata rana har 18. A mako na biyu muna jiran ya haura 20, sai ya koma 12, ya koma 9. Mun lura cewa yawancin masu kyau suna cikin bugu 30 na farko, amma ba mu ba abin muhimmanci ba. Daga nan sai ƙafar da yake dogarawa a kanta ta fara sauka nesa da ƙwallo, jikinsa ya riƙa kwantawa baya, ƙwallo ta yi sama ta faɗa gidan maƙwabta. Mu kuwa sai mu ce ya fara jin kansa, ko hankalinsa ya tafi wani wuri. Magani ɗaya muka sani, shi ne ƙari. Muka mayar da 80 ta zama 100.

Akwai wani dattijo da ke zama a gefen filin kusan kullum da yamma. Mahauci ne da ya ajiye sana'a, mutumin ƙasar Zamfara, kuma ya yi dambe a zamaninsa. Kowa Baba yake ce masa. Wata rana ya yafito ɗayanmu ya ce, "Kai yaro, wannan ɗan horo kuke ba shi ko hukunci?" Muka yi dariya muka ce, "Baba, ƙwallon zamani ke nan, sai da wahala." Ya ce to, Allah Ya taimaka. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Sai ruwan Legas ya sauka, irin na ƙarshen Yuni. Filin namu dama a kwari yake, magudanar gefensa ta cika ta amayo, ya koma tafki. Kwana takwas ba a taɓa ƙwallo ba. Hankalinmu ya tashi, muna ganin duk abin da muka gina ya rushe. Ranar da fili ya tsane aka dawo, Bahago ya tsaya gaban bencinan nan, a bugu 30 na farko ya saka 16. Bai taɓa yin haka ba. Kuma ba shi kaɗai ba. Fasin ya riƙa isa inda aka aika shi. Golanmu da ke ta fama da fitowa kama ƙwallon kwana ya riƙa fitowa a kan lokaci. Har wani salon fitar da ƙwallo daga baya, wanda muka yi mako biyu muna koya musu suna rikicewa, ranar suka yi shi kamar sun daɗe da iyawa.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu me ya faru a cikin kwana takwas ɗin nan. Ba mu tsaya ba. Muka ce ɗokin dawowa ne, kuma tunda an yi asarar kwanaki sai an rama. Muka ƙara rabin awa a atisayen yamma. Saura kwana biyar a fara gasa, Bahago ya ɗaga ƙafa a bugu na sittin da wani abu, ya yi ƙara, ya dafe matsematsinsa ya zauna a ƙasa. A asibiti aka ce naman cinyarsa ne ya yage ta ciki, sai ya yi mako shida zuwa takwas ba gudu, ba ɗaukar kaya. Masu neman yara sun zo, sun zaɓi yara biyu daga wata unguwa, sun tafi, shi yana zaune a benci yana kallo. Wata biyu bai je kwata ba, alhali da abin da yake samu a can yake aika wa mahaifiyarsa a gida. Mun haɗa masa abin da ya sawwaƙa, amma mun san bai kai abin da ya rasa ba.

Bayan an fitar da mu daga gasar a wasa na biyu, muka je gaishe da Baba a ƙofar gidansa, kunya ta cika mu. Bai yi mana gori ba. Ya ce, "'Ya'yana, ni wuƙa na sani. In ka wasa ta daidai, ta yi kaifi. In ka ƙi ɗaga ta daga kan dutse, cinye ta kake yi." Sannan ya ba mu labarin zamaninsu. Ya ce su dambe wasan kaka ne a wurinsu. Da damina kowa yana gona, sai an kawar da amfani ake kaɗa kalangu a fita gari-gari. Ya ce ubangidansa kan nuna masa wata dabara, misali yadda zai kauce ya shigo da hannu ta ƙasa, ya yi ta gwadawa a ranar abin ya ƙi. Sai ubangidan ya ce ya kwance zaren hannu ya je ya kwanta, kada ya sake gwadawa sai jibi. "In jibi ta yi, sai in ga hannun ya yi abin da kansa, kamar wani ya koya masa da dare. Ku dubi mai waina mana. Kun taɓa ganin ta kwaɓa ƙulli ta zuba a tanda nan take? Sai ya kwana yake tashi."

Malamin cikinmu ya ce wallahi wannan mun san shi tun muna makarantar allo. Karatun da ya ƙi zama da dare, kana ta tuntuɓe a kansa, sai ka wayi gari ka ji yana zuba. Ga kuma hutun Alhamis da Juma'a da malamanmu ba sa wasa da shi. Mun san haka a karatu, amma ba mu taɓa kawo shi filin ƙwallo ba, domin a tunaninmu karatu aikin kai ne, ƙwallo kuwa aikin ƙafa.

Wanda ya gyara mana wannan tunani shi ne ɗan 'yar uwar ɗayanmu, da ke karatun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a jami'a. Ya zo hutu a lokacin, shi ya riƙa duba Bahago. Wata rana ya ɗauki littafin tela ya duba lambobin, ya ce, "Kawu, ƙafa ba ta koyon komai. Ƙwaƙwalwa ce ke koyo, ƙafa aike ake yi mata." Ya ce duk bugu ɗaya da yaro ya yi, ƙwaƙwalwa ce ke ba tsokoki da yawa umarni, wannan ya ja, wancan ya saki, kowanne a kan lokacinsa. A fili tana tara abin da aka nuna mata ne. Jera shi da kafa shi yadda zai zauna yana ci gaba bayan an bar fili, musamman a cikin barci.

Ya ba mu misalai, kuma akwai wanda ya yi mana zafi. A shekarar 1978 wasu masu bincike biyu a Birtaniya, Baddeley da Longman, suka wallafa abin da suka gani wajen koya wa ma'aikatan gidan waya buga injin tantance wasiƙu mai madannai irin na tafireta. An raba su rukuni huɗu. Wasu awa ɗaya a rana, wasu awa ɗaya sau biyu a rana, wasu awa biyu a zama ɗaya, wasu kuma awa biyu sau biyu a rana. Da aka ƙirga awannin da kowane rukuni ya ci kafin ya iya, masu awa ɗaya a rana ne suka fi saurin kamawa, masu awa huɗu suka zo ƙarshe. Bayan watanni aka sake gwada su, har lokacin masu awa huɗun ne a baya. Abin mamaki, da aka tambaye su, masu awa ɗayan ne suka fi rashin gamsuwa da tsarinsu. Wato mutum yana iya jin ya yi aiki sosai saboda ya gaji, alhali wanda ya yi kaɗan-kaɗan ya wuce shi. Muka kalli juna, domin awa biyu sau biyu a rana shi ne kusan tsarinmu.

Sai batun barci. A 2002, a jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Walker da abokan aikinsa suka koya wa mutane danna jerin lambobi biyar da yatsun hannun hagu. Waɗanda aka koya wa da safe aka gwada su da dare, bayan awa 12 idonsu biyu, ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Waɗanda suka kwana a tsakani kuwa, saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, ba tare da sun sake taɓa na'urar ba, kuma kuskurensu bai ƙaru ba. A 2019 wasu masu bincike a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka yi irin wannan gwaji, amma daƙiƙa 10 ana dannawa, daƙiƙa 10 ana hutawa. Suka tarar yawancin ci gaban farko a cikin 'yan daƙiƙun hutun nan yake faruwa: mutum ya tsaya a wani mataki, ya dawo ya fara daga sama da inda ya tsaya.

Ɗayanmu ya ce ai wannan duk yatsu ne, ina ruwansa da wasa? Yaron ya ce to ga na wasa. A 2011 aka wallafa wani gwaji da aka yi da 'yan ƙwallon kwando 11 na jami'ar Stanford. An nemi su riƙa kwanciya awa 10 kowane dare na tsawon mako biyar zuwa bakwai. Saitin jifansu ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, gudunsu ma ya ƙaru. A 2014 kuma wani bincike a kan ɗalibai 'yan wasa a birnin Los Angeles ya nuna waɗanda ba sa samun barcin awa takwas sun fi masu samu jin rauni, kusan ninki ɗaya da rabi da ɗoriya.

Ya ƙara mana da abu biyu da suka shafi jiki. Na farko, tsoka tana samun ƙananan tsagewa idan aka yi aiki mai nauyi, kuma gyaran da take yi a lokacin hutu shi ne ƙarfin da ake nema. Bayan cikakken wasa na minti 90, ƙafa kan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ta dawo daidai. In ka ɗora mata sabon nauyi kullum kafin ta gama gyara, wata rana sai ta yage gaba ɗaya. Na biyu, ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da aka fi maimaitawa, mai kyau ne ko maras kyau. Bahago yana yin bugu 30 da ƙafa mai ƙarfi, sannan 70 da ƙafa gajiyayya. Ashe kwantawa bayan nan da muke yi masa faɗa a kai, mu muke koya masa shi kowace yamma.

Daga nan muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko: muka tara yaran muka tambayi kowa ƙarfe nawa yake kwanciya, ƙarfe nawa yake tashi. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa takwas zuwa goma. A cikin yaranmu 22, uku ne kawai ke kai awa bakwai. Akwai masu sauke kwandunan tumatir a Mile 12, waɗanda aikinsu tun tsakar dare yake farawa in motoci sun iso daga Arewa. Akwai mai taya yayansa shayi har ƙarfe ɗaya. Akwai waɗanda su shida suke kwana a ɗaki ɗaya, ba wuta, ga zafi, ga sauro, kuma sai na ƙarshe ya shigo ake kashe waya. In lokacin gasar Turai ne, wasan dare ba ya tashi sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, kafin a gama musu a ƙofar gidan kallo sha biyu ta yi. A kan wannan ne muka ɗora fitowar asuba kullum. Ba mu taɓa tambaya ba, su kuma ba su taɓa faɗa ba, domin tsoron kada a cire su.

Muka soke atisayen safe, muka ba da ranakun hutu. Nan muka gano wata matsala da ta bambanta yaranmu da waɗanda aka yi gwajin nan da su. Ɗan jami'a a Amurka in an ce ya huta, ɗaki zai koma ya kwanta. Namu kuwa, da ubangida ya ji yau ba ƙwallo, sai ya riƙe shi a shago ko a kwata har dare. Ranar hutun sai ta zama ranar da ya fi shan wahala. Ba laifin iyayen gida muke gani ba, kowa neman abinci yake yi, kuma su ma gani suke ƙwallo ce ke cinye musu lokacin yaro. Amma zuwa da kai ya fi aike. Muka raba kanmu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka ce, "Alhaji, mun rage kwanakinmu, yanzu da safe yaronka naka ne gaba ɗaya. Alfarma ɗaya muke nema, ranar da ta biyo bayan wasa a rage masa ɗaukar kaya mai nauyi, kuma a sallame shi da wuri daren da zai wayi gari da wasa." Wasu sun amince nan take. Ubangidan Bahago ya ce shi ma ya ji jiki da rashinsa wata biyu, ba ya son a maimaita. Mutum biyu sun ƙi, kuma har yau yaransu ba ma sa su cikakken wasa in mun san sun kwana a kasuwa.

Ba dukkanmu ne muka yarda da sabon tsarin cikin sauƙi ba. Tsohon direban cikinmu ya tsaya kai da fata. Ya ce mu tuna dalilin kafa ƙungiyar. Ba don mu fitar da 'yan wasan Turai muka kafa ta ba, don mu raba yara da shaye-shaye da yawon dare ne. Duk yammar da muka bar yaro ba fili, akwai majalisar da ke jiransa a bayan tasha. Ya ce shi ya fi son yaro ya gaji ya faɗi ya yi barci, da ya huta ya je ya sha abin da zai kashe shi. Maganarsa gaskiya ce, kuma mun san yara biyu da muka rasa ta wannan hanya tun kafin gasar. Mun yi zama uku a kan wannan. Abin da muka tsayar shi ne, ranar hutu ma ana haɗuwa, amma ba a sa takalmi. A zauna a inuwa, a kalli wasan da ya wuce a wayar ɗayanmu, kowa ya ga inda ya tsaya da inda ya kamata ya tsaya. A wanke riguna, a ɗinke raga, masu dara su buga dara. Kafin isha'i kowa ya kama hanyar gida. Gidan kallo kuma mun yi yarjejeniya da su, daren wasa ɗaya a tsakiyar mako, ba biyu ba. Ba za mu ce duk suna cikawa ba, amma yanzu in yaro ya zo ido ja, shi da kansa yake faɗa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa muke yi a bar atisaye. Hutu ma yana da ma'auni. Mun gani da idonmu bayan azumi, lokacin da muke dakatar da gudu kusan wata guda: yara suna dawowa taɓa ƙwallonsu yana nan, wani ma ya fi da, amma minti 20 sun fara haki. Gwaninta tana daɗewa a jiki, numfashi kuwa yana saurin tafiya. Kuma ƙullin da ba a kwaɓa ba, ko ya kwana goma ba zai tashi ba. Sai an yi aikin tukuna sannan hutu yake da abin da zai gyara.

Ga yadda muke yi yanzu, ko wani zai ɗauki abin da ya dace da nasa wurin. Wasa ranar Lahadi. Litinin ba a taɓa ƙwallo. Talata da Alhamis atisaye sosai, awa ɗaya da rabi da yamma. Asabar mai sauƙi, minti 45. Laraba da Juma'a zaman inuwa. Duk sabon abu a rabin awan farko muke koyar da shi, kafin gudu, lokacin da ƙafa da kai suke da ƙarfi. In ya ƙi a ranar, ba ma dagewa kuma ba ma faɗa, sai mu bar shi sai zama na gaba. Bugun tazara ya koma 25, biyar-biyar, kuma mai bugu ne ke tafiya a ƙasa ya ɗebo ƙwallayensa, wannan tafiyar ita ce hutunsa. Da tela ya ga jiki ya fara kwantawa baya sai ya rufe littafi, ko da saura goma. Makon gasa kuwa ba a koyar da sabon abu ko ɗaya.

Ba mu ci kofi ba tukuna. Bara a wasan kusa da na ƙarshe aka cire mu, da bugun fenareti. Amma tun da muka sauya tsari babu yaron da ya kwanta fiye da mako guda, ban da wanda ya yi targaɗe a rami, wannan kuwa laifin fili ne. Bahago ya warke ya dawo. Yanzu shekararsa 18, a cikin 25 yana saka 13, wata rana 15. Masu neman yaran nan ba su sake zuwa ba, kuma mun san irin makarantun nan ƙananan yara suka fi so. Ba mu taɓa jin ya ɗora mana laifi ba, wannan ma ya fi yi mana nauyi. Mun nemi gafararsa a gaban 'yan uwansa, ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, haka Allah Ya so. Haka ne, amma mu muka riƙe littafin, mu muka ga lambobi suna sauka, muka ƙara masa.

Roƙonmu ga masu riƙe da ƙungiyoyi irin tamu, kafin ku ƙara wa yara ko minti goma, ku tambaye su awa nawa suka yi barci jiya da kuma abin da suka ɗauka a kafaɗa yau. Iyaye da iyayen gida kuma, in kun ga yaro ɗan ƙwallo yana barcin rana bayan wasa, kada ku yi saurin kiransa rago. Makon jiya wani ƙaramin yaro ya tsaya bayan an tashi yana ta buga ƙwallo a jikin benci, muka ji Bahago ya ce masa, "Ƙanena, ya isa haka. Je ka kwanta, jibi za ta shiga." Baba yana gefe yana jinsu, ya yi dariya har da tari.

Allah Ya raya mana yaranmu, Ya tsare su, Ya yafe mana kurakuranmu. Wassalam.